Yawun Mai Agogo

AUTA: Halo? Halo, Yaya?

YAYA: Na'am, wa ke magana? Auta?

AUTA: Ni ce. Salamu alaikum, ina wuni?

YAYA: Wa alaikumus salam, lafiya lau. Ya gida, ya yara?

AUTA: Duk lafiya. Ya aiki? Ya masu haihuwa?

YAYA: Suna nan suna haihuwa, ba su da wani aikin. Tun safe na karɓi biyu, ga ta uku can tana zagaye baranda riƙe da ƙugu. Ya jikin Mai Agogo?

AUTA: Da sauƙi.

YAYA: Maƙogwaron fa? Yana iya haɗiya?

AUTA: Yana sha dai. Shayi, madara, ɗan abin da aka tace. Ya ƙafarki?

YAYA: Tana nan yadda kika san ta.

AUTA: Allah Ya ƙara sauƙi. Ya jikarki, ta fara tafiya?

YAYA: Ta fara, har ta fara ɓarna.

AUTA: Masha Allah. Ya maƙwabta?

YAYA: Auta, kin gaishe ni, kin gaida ƙafata, kin gaida maƙwabta, saura takalmina. Kuma me ya sa nake jin muryarki kamar daga cikin durom?

AUTA: Ina cikin sito ne. Na turo ƙofa, ina zaune kan bokitin fenti.

YAYA: A gidan mijinki kike ɓuya a sito?

AUTA: Ai maganar ke nan, Yaya. Wai mijin nawa mace ne.

YAYA: Sabis ya ɗan ɗauke. Na ji kamar kin ce...

AUTA: Bai ɗauke ba. Daga asibiti aka bugo aka ce Baban Yara mace ne.

YAYA: Mai Agogo? Mai gemun nan? Mai 'ya'ya biyar?

AUTA: Shi.

YAYA: Ke, shekara talatin ina aikin ungozoma. Na ce mace ce, na ce namiji ne, sau dubu nawa ban sani ba. Ba a taɓa dawo min da ɗaya bayan shekara hamsin da shida an ce in sake dubawa ba. Fara min daga farko, kuma ki daina raɗa.

AUTA: Kin san wurin da ake yi masa gashi a na'ura, saboda dajin maƙogwaron? To sati uku da suka wuce wata yarinya ta zo da fayil tana bin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Wai bincike suke yi kan masu ciwon daji na kai da wuya, na baki, na harshe, na maƙogwaro. Za su duba ƙwayoyin halittar mutum, waɗanda ya gada daga iyaye, su nemi wasu alamomi. Suna son su gane ko masu wata alama sun fi daɗewa bayan magani, kuma ko abin ya bambanta tsakanin maza da mata.

YAYA: Na san irinsa. Sai aka ba shi takarda ya sa hannu.

AUTA: Shafi huɗu. Kowa a layin ya dangwala ya miƙa, shi kuwa sai da ya ciro gilashin nan nasa na duba cikin agogo, ya maƙala a ido, ya karanta har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Yarinyar tana tsaye minti arba'in. Har ya nuna mata inda aka manta waƙafi.

YAYA: Halinsa ne. Daga nan?

AUTA: Sai suka ba shi wata 'yar kwalba kamar yatsa, mai layi a jiki. Wai ya kai gida, da safe kafin ya sa komai a baki ya tara yawu har ya kai layin, a mayar musu.

YAYA: To yawu kuma ai ba wahala.

AUTA: Ga mai shi ba. Gashin nan ya busar masa da baki ƙaf, ko kan sarki ba zai iya liƙawa ba. Ya zauna bakin gado tun ƙarfe bakwai. Ya tuna lemun tsami, ya shinshina lemun tsami, na yanka masa albasa a gaba. Ƙarfe tara na leƙo, abin da ke cikin kwalbar bai wuce 'yar kumfa ba, shi kuma ya jingina da bango idonsa a rufe, kwalbar tana neman faɗuwa daga hannunsa.

YAYA: Auta.

AUTA: Na'am.

YAYA: Me kika yi?

AUTA: Yaya, ki tuna aikina. Shekara goma sha biyar ina ɗura sabulun ruwa a kwalabe. Kwalba ta zo gabana, in ɗauraye, in cika zuwa layi, in rufe, in tura. A wajenmu kwalbar da ba ta kai layi ba ba ta fita daga ɗaki. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi.

YAYA: Hannunki ko bakinki?

AUTA: Duka biyun.

YAYA: Innalillahi. Har ɗaurayewa kika yi?

AUTA: Ai ba a ɗura sabo kan tsoho.

YAYA: Wato ko 'yar kumfar tasa ba ki bar musu ba.

AUTA: Amma ya kai layi cif. Yarinyar ma da na kai mata sai da ta ɗaga ta duba ta ce ba ta ga wanda ya cika da kyau haka ba.

YAYA: Sannu, a ba ki lambar yabo. Dakata... Ke, baiwar Allah, ci gaba da zagayawa, da saura. Riƙe bangon... Ina jin ki, Auta.

AUTA: To ran Litinin yarinyar ta bugo masa. Ina wanki, ina jin su. Ta tambaye shi sunansa sau biyu. Ta tambaye shi ko an taɓa yi masa dashen ɓargo daga jikin mace, ya ce ko allura ba ya so. Ta ce ko akwai wata mai irin sunansa a gidan, ya ce babu. Sai ta ce to gwajin ya nuna ƙwayoyin mace ne, tabbas an samu kuskure a wani wuri, za su aiko da sabuwar kwalba.

YAYA: To ai ta faɗi gaskiya. Kuskure ne.

AUTA: Rabin farko kawai ya ɗauka. Yana ajiye waya ya ɗauko takardar nan mai shafi huɗu, ya sa gilashi, ya nemo wani layi da ya ce a wasu binciken an ga kamar mata sun fi daɗewa da irin wannan ciwon. Ya ja masa layi da jan biro har takardar ta huje. Ya kira ni da kumfar sabulu a hannuna ya ce, Maman Yara, ashe ni a ɓangarenku nake.

YAYA: An ga kamar, aka ce. Kamar. Da sun sani ai ba za su bi mutane suna roƙon yawu ba.

AUTA: Na gaya masa. Ya ce agogo ba a duba shi daga fuska, daga ciki ake dubawa, kuma an buɗe shi an duba.

YAYA: Gemun fa?

AUTA: Wai gemu murfi ne.

YAYA: Yaran biyar fa?

AUTA: Na tambaye shi wannan. Ya ce ikon Allah, in daina bincike.

YAYA: Kai, wannan bawan Allah.

AUTA: Ba ki ji komai ba. Ya ce tunda mata sun fi daɗewa, lallai akwai abin da muke yi da maza ba su sani ba, kuma ya yi asarar shekara hamsin da shida bai yi ba. Ya sayi ɗan littafi. Duk inda na sa ƙafa yana bayana da agogon gudu a hannu. Na yi shara, ya rubuta minti goma sha ɗaya. Na yi wa yara faɗa, ya rubuta sau bakwai kafin azahar. Jiya na yi tsaki ina neman murfin tukunya, ya ce in maimaita bai kama lokacin ba.

YAYA: Kika maimaita?

AUTA: Ai na biyun ma ya fi fita.

YAYA: Halo? Kin tafi... Halo?

AUTA: Ina nan. Na ce yanzu shi ke shara. Shi ke wanke-wanke, ya fasa min kofi uku. Da yamma ya ɗauki kujera ya je bakin katanga inda muke hira da maƙwabciya da matar mai famfo, ya zauna tsakiyarmu ya ce mu ci gaba, duk ɗaya ne. Shi ya kawo zancen matar mai gidan haya, da wannan shaƙaƙƙiyar muryar tasa. Yaya, ya fi mu sanin labari. Ashe duk wanda ya kawo gyaran agogo sai ya bar masa sirrin gidansa.

YAYA: Ina Inna take a duk wannan? Uwar tasa ta ji?

AUTA: Shi ya gaya mata da kansa. Shekaranjiya ta zo da sandarta, ta ce a kai ta asibitin ta ga wanda ya faɗi haka. Ta ce ita ta haife shi, ita ta yi masa wanka shekara bakwai, ta san abin da ta gani. Ya ce mata, Inna, ke waje kika gani. Ta kai masa sanda, ya kauce, ya rubuta a littafi wai mata masu shekara tamanin suna da saurin hannu.

YAYA: Wayyo cikina. Bari in zauna, masu naƙuda suna kallona... To ke kin san abin da kika yi wa masu binciken? Suna da layin maza, suna da layin mata, suna ƙirga wa ya daɗe wa bai daɗe ba. Ke kin ɗauko lafiyayyar mace mai ɗura sabulu kin cusa musu a matsayin namiji mai dajin maƙogwaro. Allah Ya so sun gane.

AUTA: Shi ai ya ce ba zai ba mata kunya ba. Wai tunda an sa shi a layinmu, sai ya ja mana lissafin sama.

YAYA: To ki bar shi ya yi ta shara mana. Sabuwar kwalba za ta zo, gaskiya ta fito, ke kuma kin huta da wanke-wanke. Mene ne na shiga sito?

AUTA: Akwai abin da ban gaya miki ba...

YAYA: Auta? Ya ɗauke ne?

AUTA: Ya daina zuwa gashin.

YAYA: Me?

AUTA: Tun ran Litinin ɗin. Yau kwana huɗu. Wai shi yana cikin masu daɗewa, ba ya buƙatar sauran.

YAYA: Sau nawa aka rubuta masa?

AUTA: Talatin da biyar. Ya yi ashirin da uku.

YAYA: Saura sha biyu, ya tsaya a tsakiya. Ke kin san abin da ake nufi da haka? Ba a ba wannan ciwon hutu. Duk ranar da ya tsallake, abin da aka ƙona yana samun damar farfaɗowa. Asibitin ba su neme shi ba?

AUTA: Sau uku suna bugowa. Ya ce musu yana aikin gida.

YAYA: Kuma kina zaune kan bokitin fenti kina ba ni labarin kofi. Tashi ki je ki gaya masa yawunki ne.

AUTA: Ba zan iya ba.

YAYA: Tsoron faɗa kike yi? Mutumin da muryarsa ba ta kai ƙofar ɗaki?

AUTA: Ba faɗa ba ne. Yaya, ba ki gan shi ba watannin nan. Daga asibiti sai gado, fuska ga bango. Shagon ya rufe, agogon mutane suna cikin akwati duk sun tsaya, bai ko kalle su ba. Abin robar nan da suke rufe masa fuska da shi su ɗaure kansa a jikin gadon na'urar, duk ranar da za a sa masa sai ya yi amai a hanya. In na kai masa shayi sai ya ce in ba yara, kar a yi asara. Amma tun ran Litinin yana shan kofi biyu. Yana tsokanar yara. Jiya na ji yana dariya a bakin katanga, na shiga banɗaki na yi kuka, don na manta yadda dariyarsa take. Ina tsoro. In na gaya masa, bangon nan zai koma.

YAYA: Na ji ki, kuma ban ce ƙarya kike ba. Amma dariyar kwana huɗu kike so, ko mutumin?

AUTA: Duka nake so.

YAYA: To dukan yana cikin na'urar can. Ki gaya masa yau. In ba za ki iya ba ki kai masa wayar ni in gaya masa, ni ba na jin kunyarsa.

AUTA: Ko in bari sai sabuwar kwalbar ta... Tsaya. Ana taɓa ƙofa.

YAYA: Wa?

AUTA: Shi ne... Na'am? Ina neman tsintsiya ne... Eh, na san tana hannunka. Ɗayar nake nema... Da Yaya nake magana... Yaya, ya shigo. Yana ɗaure da atamfata a ƙugu. Wai a ba shi ku gaisa.

YAYA: Ba shi.

MAI AGOGO: Yaya, ina wuni?

YAYA: Lafiya lau, Mai Agogo. Ko in ce ƙanwata?

MAI AGOGO: Duk wanda kika ga dama. Ki yi haƙuri da muryar, sai kin kasa kunne.

YAYA: Ina jin ka sarai. Na ji an ce ka iya shara.

MAI AGOGO: Minti tara. Na fi ta da biyu.

YAYA: Madalla. To saurara, akwai maganar da matarka take son...

MAI AGOGO: Ɗan aiken asibiti ya kawo sabuwar kwalba yanzun nan. Ita na biyo Maman Yara da ita. Maman Yara, ungo. Ki yi min irin na wancan karon.

YAYA: Me ka ce mata?

MAI AGOGO: Na ce ta cika min, kamar yadda ta yi.

YAYA: Kai ka san...

MAI AGOGO: Idona biyu, Yaya. Gajiya ce ta sa na rufe. Ina ji ta zare kwalbar, ina ji ta buɗe famfo. Ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ni awa biyu na yi... Maman Yara, zauna, kar ki faɗi. Ta zame daga kan bokitin.

YAYA: To don Allah sharar ta mece ce? Littafin fa? Ka sa tsohuwa ta ɗauko sanda, ka hana matan unguwa hira.

MAI AGOGO: Hirar tana da daɗi.

YAYA: Ba wasa nake ba.

MAI AGOGO: Ni ma. Wata huɗu, duk takardar da ta fito da sunana a kai mugun labari ce. Hoto, mugu. Jini, mugu. Ɗan naman da suka yanka, mugu. Wannan ce ta farko da aka bugo min ba a ce ciwon ya yi kaza ba. Na san ba tawa ba ce. Na ce bari in ɗan zauna a cikinta kwana biyu.

YAYA: Ka yi huɗu.

MAI AGOGO: Akwai daɗin zama.

YAYA: Ka san kowace rana ka tsallake, da ranka kake biya?

MAI AGOGO: Na sani. Yana shafi na uku.

YAYA: To ka ji ni. Gobe ƙarfe takwas ina ƙofar gidanku da wannan ƙafar tawa. Za ka shiga na'urar nan, in amai ne ka yi a jikina, na saba da abin da ya fi shi. Kwalbar kuma naka za ka zuba.

MAI AGOGO: In nawa ya nuna ina cikin waɗanda ba sa daɗewa fa?

YAYA: Su kansu ba su gama sanin abin da alamomin ke nufi ba, shi ya sa suke bincike. Ko sun sani, sha biyun nan sai ka yi su.

MAI AGOGO: Ina tsoro, Yaya.

YAYA: Na sani. Ita ma tsoron ne ya kai ta sito. Ku ji shi tare, a mota, kan hanyar asibiti.

MAI AGOGO: Tana kuka.

YAYA: Bar ta ta yi, kar ka rubuta.

MAI AGOGO: Bakin nan fa a bushe yake. Sai in wuni ban kai layi ba.

YAYA: Ka wuni. In rabi ka samu, rabin za a kai musu. Ba ni ita.

AUTA: Yaya...

YAYA: Share hanci ki saurare ni. Gobe da safe in ya zauna da kwalbar nan, ki fita daga ɗakin. Ki fita daga gidan ma.

AUTA: To in ya gaji ya bar ta rabi, ko ɗan ɗigo ɗaya ba zan...

YAYA: Ko ɗigo. Wayyo, ga wannan ta durƙusa a baranda. Ku kama ta, ina zuwa! Auta, ƙarfe takwas, ya sa wando ya cire atamfar...

AUTA: Ya ce takwas saura kwata zai shirya. Yaya, katina ya kusa... Halo? Ya ce ki zo da leda saboda aman. Halo? Yaya?